Yadda za ka kai iyali ziyara Gidan Arewa a lokacin hutu

Mutanen Kaduna da yawa sun sha shiga Gidan Arewa, amma taro ne ke kai su: lacca, ƙaddamar da littafi ko zaman 'yan siyasa. A zauna a zaure, a raba ruwan gora, a watse, ba wanda ya leƙa inda Sardauna ya yi zamansa. In hutun yara ya zo, ga yadda za ka tsara ziyarar.

Fara da zaɓen rana. Gidan yana kan titin Rabah, kuma yanzu cibiyar adana tarihi da bincike ce ta Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ma'aikatan jami'a ke riƙe da makullai, don haka ranar aiki da hantsi ta fi. Juma'a gajeriyar rana ce, ka bar ta. In kuna da yawa, kamar ɗaliban Islamiyya ko 'yan ajin makaranta, a kai takarda ofishinsu tun da wuri.

Tun a gida za a fara ziyarar. Ciro takardar naira 200 ka miƙa wa yara, ka ce gidan mai wannan rawanin za mu je. Gaya musu Sir Ahmadu Bello ne, Sardaunan Sakkwato, haifaffen Rabah, daga zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 har sojoji suka kashe shi a wannan gida ranar 15 ga Janairu, 1966, tare da uwargidansa Hafsatu. Yaron da ya ji wannan a mota, da natsuwa zai shiga. Wanda bai ji ba, tambayarsa ɗaya ce: "Baba, yaushe za mu tafi?"

In akwai tsoho a gidanku da ya ga zamanin, ku ɗauke shi. Ya fi kowane allon bayani.

A bakin ƙofa ka yi sallama, ka faɗi abin da ya kawo ku, ka nemi a haɗa ku da mai zagayawa da baƙi. Nan za ka tambayi kuɗin shiga da inda aka yarda a ɗauki hoto, kafin wani ya zaro waya.

Ciki kuwa, kada ka yarda a bi da ku da sauri. Akwai hotuna da takardu da kayan Sardauna, kuma hotunan sun fi ɗaukar lokaci. Tsaya gaban guda ɗaya, ka sa yara su duba waɗanda ke tsaye a bayansa, su lura da naɗin rawani da ɗinkin riguna, wa ya sa alkyabba, wa ya sa kwat. Sannan ka yi wa jagoran tambayar da galibi ba a yi: daren da aka kawo harin gidan ya kama wuta, to wane ɓangare ne na asali, wane ne aka gina daga baya? Daga nan labari ke buɗewa. In da ɗalibin jami'a a cikinku, ya nemi izinin leƙa laburare, inda ake ajiye rubuce-rubucen Larabci na hannu da tsofaffin takardun gwamnatin Arewa. Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara jagorantar cibiyar.

Bayan nan sai harabar. Manyan itatuwa ne da inuwa mai sanyi, kuma da damina ta fi kyan gani, da hunturu ƙura kan dusashe komai. Ku zaga a ƙafa, ban da tsinkar fure, ledar ruwa kuma a mayar jaka.

In da sauran ƙarfi, ku bi ta Lugard Hall, inda majalisun Arewa suka zauna. Daga waje za ku kalli kubbarsa, don Majalisar Dokokin Jiha ce ke ciki yanzu. Sai ku ƙarasa lambun Gamji a bakin kogin Kaduna, ku ga gadar ƙarfen da aka kafa a Zungeru a 1904 kafin a ɗauko ta nan. Can ya dace a shimfiɗa tabarma a buɗe kular abinci, amma a riƙe hannun ƙanana kusa da ruwa.