Yadda na gyara rashin barci da kaɗaici a lokacin matsin aiki

Idan aiki ya yi yawa, barci ake fara ragewa, sai a daina neman mutane da sunan "babu lokaci". Daga nan damuwa ke samun gindin zama. Ga tsarin da na bi har lamarin ya daidaita.

Na tsayar da lokacin tashi ɗaya kullum, har ranar hutu, sannan in fita hasken safiya na minti 15. Wannan ne ke saita agogon jiki. Baligi na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. Kofi kuwa na daina sha bayan ƙarfe 2 na rana, domin sinadarinsa kan daɗe awanni a jini.

Tunanin da ke hana barci na ware masa minti 15 da yamma: in rubuta damuwar, in rubuta mataki ɗaya na gobe. Kada a yi shi a kan gado, ƙwaƙwalwa za ta haɗa gado da fargaba.

Zumunci ya fi komai wuya. Na zaɓi mutum uku, kowa da ranar kiransa, kira na murya, ba saƙo ba. Abin da ke rusa tsarin shi ne jiran sai an ji sha'awar magana, alhali mai damuwa ba ya jin ta. A kira ko da minti 10 ne. In da hali a yi tattaki tare, don Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar motsa jiki minti 150 a mako.

Idan ƙunci ya kai mako 2 bai sassauta ba, a ga likita. Tunanin cutar da kai kuwa a nemi taimako nan take.