Yadda ake zaɓar kalmar kogi a harshen Sinanci

Mai koyon Sinanci zai ga kalmomi biyu, wato hé (河) da jiāng (江), duk an fassara su da kogi, kuma galibi akan ce masa jiāng babban kogi ne, hé kuwa ƙarami. Wannan bayani ba ya wadatarwa, domin Rawayen Kogi na ƙasar Sin, wanda tsawonsa ya haura kilomita 5,000, Huáng Hé ake kiransa.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne tarihin kalmomin. A tsohon Sinanci, Hé sunan Rawayen Kogi ne shi kaɗai, Jiāng kuma sunan kogin Yangtze, wanda a yau ake kira Cháng Jiāng, sauran koguna kuwa ana liƙa musu shuǐ (水), wato ruwa, kamar Hàn Shuǐ. Daga baya ne sunayen biyu suka zama na gama-gari, kowanne ya yaɗu a yankin da koginsa yake ratsawa. Saboda haka, idan ka ci karo da sunan wani babban kogi, duba taswira tukuna. Na arewa galibi hé ne, kamar Wèi Hé da Hǎi Hé da Liáo Hé, na kudu kuma jiāng, kamar Zhū Jiāng da ke bi ta Guangzhou da Xiāng Jiāng na lardin Hunan.

Sai dai a kula da arewa maso gabas, inda ƙa'idar take karyewa, domin Hēilóng Jiāng da Sōnghuā Jiāng da Yālù Jiāng duk a can suke. Maganar girma kuwa a kudu take da amfani: a birnin Shanghai, ƙaramin kogin Sūzhōu Hé yana malala ne cikin Huángpǔ Jiāng. A ganina, hanya mafi aminci ita ce a haddace kowane suna ɗungurungum, ba a riƙa ƙaga masa ƙarshe ba.

Idan ba suna kake ambatawa ba, kana nufin kogi ne kawai, yi amfani da hé, ka ce yì tiáo hé, wato kogi guda, a rubutun ilimi kuma héliú (河流). Haka ma kogunan ƙasashen waje, kusan dukkansu hé suke ɗauka komai girmansu, shi ya sa kogin Nilu yake Níluó Hé, kogin Kwara kuma Nírì'ěr Hé, ko da yake kogunan Koriya, irin su Hàn Jiāng na birnin Seoul, sun fita daban.

Xī (溪) rafi ne, amma a Taiwan har kogi mafi tsawo, Zhuóshuǐ Xī, da shi ake kiransa. Chuān (川) kuwa, wanda shi ma kogi yake nufi, ka bar shi ga adabi da sunayen wurare kamar Sichuan, kada ka sa shi a hirar yau da kullum.