Yadda Za Ka Horar da Kunnenka Kan Kiɗan Marimba da Ganga

Wanda yake zaune a Agege ko Idi-Araba ya san cewa shiru abu ne mai tsada a Legas, don haka matakin farko wajen sauraron kiɗan da ya haɗa marimba, ganga irin ta jaz da tsarin kiɗan gargajiyar Turai shi ne zaɓen lokaci. Na fi son bayan sallar isha, lokacin da hayaniyar danfo ta lafa, kuma ina ba da shawarar a yi amfani da abin sauraro na kunne, domin lasifikar waya tana haɗiye ƙananan muryoyin marimba, alhali a cikinsu daɗin yake.

Marimba jerin katako ne da aka jera daga dogo zuwa gajere, kowanne da bututu a ƙarƙashinsa mai ƙara masa amo, ana kaɗa su da sanduna biyu ko huɗu masu kai da aka naɗe da zare. Asalinta yana komawa ga kayan kiɗan Afirka irin su balafon na Mali da Gini, kafin ta bunƙasa a Gwatamala da Meziko. Wanda ya taɓa jin kundung na Birom a Filato ba zai ji ta baƙuwa ba.

Da ka fara sauraro, kada ka jira waƙa ko amshi. Ka kama gajeriyar jimla guda ɗaya da ake ta maimaitawa, ka riƙe ta kamar yadda kake bin bugun taɓarya ɗaya idan mata suna lugude a turmi. Bayan ɗan lokaci za ka ji ɗaya daga cikin makaɗa biyun da suke kaɗa jimlar ya ɗan ƙara sauri har ya wuce ɗan'uwansa da bugu ɗaya, sai wani sabon salo ya fito daga tsakaninsu wanda babu ɗayansu da ya kaɗa shi. Wannan dabara ce Steve Reich, mawallafin kiɗa ɗan Amurka, ya yi fice da ita. Ya je Gana a 1970 ya koyi kiɗan ƙabilar Ewe, sannan ya kammala aikinsa mai suna Drumming a 1971. Da wannan aikin ya kamata ka fara, ko da minti goma na farko ne kawai, inda ƙananan ganguna zalla za ka ji kafin marimba ta shigo daga baya, domin a nan kunne yake koyon haƙuri.

A sauraro na biyu, ka ajiye Drumming ka nemi kiɗan da ya haɗa marimba da gangar jaz, sai ka bar marimba ka koma kan ganga. A nan tasirin jaz yake bayyana, inda makaɗin yake shafa fatar da burushi maimakon dukanta, yana ƙirƙirar ado nan take ba tare da ya saki ma'aunin ba. Tony Allen, wanda aka haifa a Legas a 1940 ya kuma yi shekaru yana kaɗa wa mawaƙi Fela Kuti ganga, misali ne na hannu mai sauƙi irin wannan.

Ɓangaren gargajiyar Turai kuwa yana cikin tsarin da aka rubuta tun farko, yadda sautin yake hawa sannu a hankali sannan ya sauka. Idan hankalinka ya tafi kasuwa ko kuɗin haya, kada ka mayar da kiɗan baya. Ka nemo jimlar nan da ka fara riƙewa, ka ci gaba daga inda ka same ta.