Yadda Za A Gyara Layin Shaguna Na Unguwa Ba Tare Da An Kori Masu Tafiya A Ƙasa Ba

Tun da Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha a shekarar 1991 garin yake ta faɗaɗa, kuma a unguwanni irin su Nasarawa da Badariya da Rafin Atiku, layuka da dama da a da gidajen zama ne kawai sun rikiɗe sun zama kasuwanni. Mai gida ya fasa zaure ya mayar da shi shago, maƙwabcinsa ya fito da rumfa, mai tireda ya kafa tebur a bakin kwata, har aka wayi gari wanda ya fito sayen magi da gishiri sai ya sauka tsakiyar titi yana kauce wa babura. Wannan bayani na kwamitin unguwa ne, wato mai unguwa da masu gidaje da 'yan kasuwar layi, waɗanda suke son gyara layinsu. Jigonsa guda ne: mafi yawan masu ciniki a irin wannan layi da ƙafa suke zuwa, saboda haka da su ya kamata a fara lissafi, sannan ruwan sama, mota kuwa ta zo daga baya.

Kafin a kira magini ko a tara ko sisi, a ware mako guda ana kallon layin. A samu matasa biyu ko uku su zauna a wuri ɗaya da takarda, su riƙa ƙirga masu wucewa na tsawon minti 15 da safe lokacin tafiya makaranta, da bayan Azahar, da kuma tsakanin La'asar da Isha'i, su raba su gida-gida: masu tafiya a ƙasa, masu babur, masu keke mai ƙafa uku, masu mota, masu tura baro da kurar ruwa. A rubuta inda yara suke tsallaka titi, da inda 'yan kabu-kabu suke jiran fasinja, da inda mota take tsayawa ta sauke kaya. Idan damina ce, a fita ana tsakiyar ruwa a ga inda yake taruwa da inda yake nufa, domin hanyar ruwa ba ta ɓuya a watan Agusta. Idan rani ne, alamar da ruwa ya bari a jikin katanga da bayanin tsofaffin layi sun isa. Kada a manta da mata, musamman masu tuyar ƙosai da awara da masu aiko yara da talla, domin sun san sa'o'in cinikin layin fiye da yawancin masu shaguna, kuma sau da yawa ba a gayyatar su taron ƙofar gidan mai unguwa.

Bayan haka sai awo, kuma a nan ne rigima take. A auna faɗin layin daga katanga zuwa katanga a wurare da yawa, a kwatanta da abin da yake a taswirar filaye, sai a ga wanda ya ci hanya da dakali ko da matakala ko da kwantena. Addini ya riga ya ba mu madogara, domin ya tabbata a hadisi cewa idan aka yi saɓani kan hanya a sanya faɗinta zira'i bakwai, wato kimanin mita uku da rabi, haka kuma an lissafa kawar da cuta cikin haƙƙoƙin hanya. Idan limamin unguwa ya yi wannan bayani kafin a fito da igiyar awo, zukata suna yin sanyi. Ta fuskar doka kuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya filayen birni a hannun gwamna, kuma idan aka karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar da take tanada ta gini ce da shuka da sauran abin da mutum ya kashe, ba ta ƙasar kanta ba. Kwamiti ba shi da hurumin rushe ginin kowa. Abin da zai yi shi ne ya kai tsarinsa a rubuce, da sa hannun mai unguwa da uban ƙasa da kansila, zuwa Hukumar Raya Birane ta Jihar Kebbi, wadda aka fi sani da KUDA, ya nemi ta turo ma'aikatan awo su tabbatar da iyaka. A Gusau ko Ƙauran Namoda kuwa, hukumar tsara birane ta Jihar Zamfara ce za a nufa. Ra'ayina shi ne a guji rusau matuƙar akwai wata mafita. Mai shagon da aka roƙa ya janye rumfarsa da taku biyu, aka ba shi wata guda, yakan yi da hannunsa, amma wanda aka turo wa katafila ba zai ƙara ba da gudummawar komai ba.

Aikin farko na siminti shi ne kwata, ba kwalta ba. Duk titin da aka shimfiɗa ba tare da magudanar ruwa ba, damina biyu ko uku ta ishe shi, domin ruwa yana shiga ƙarƙashinsa ya kwashe ƙasar da take riƙe da shi. A fara ginin kwata daga ƙarshen gangare, inda za ta zube cikin babbar magudana, a riƙa hawowa sama, don kada a gama aiki a tarar ruwan ba shi da mafita sai gidan mutane. Injiniya ne zai ƙayyade zurfi da gangare, amma akwai abin da kwamiti zai nace a kai, shi ne a rufe kwatar da murfin kankare mai ƙarfe a ciki, a bar wasu murafan da za a iya ɗagawa kowane 'yan mitoci domin yasa. Buɗaɗɗiyar kwata a layin shaguna tana zama juji cikin mako guda, ledar ruwa da ɓawon rake su toshe ta, sauro ya samu gida, yara da makafi su riƙa faɗawa. Rufaffiya kuwa tana ba da kyautar kusan mita guda na wurin tafiya ba tare da an taɓa katangar kowa ba. A kuma tuntuɓi hukumar ruwa da kamfanin wutar lantarki tun kafin a zuba kankare, saboda kada a gama a zo a farfasa don binne bututu ko matsar da turke.

Daga nan sai hanyar ƙafa. A bar fili wanda babu komai a cikinsa, faɗinsa bai gaza mita 1.8 ba, domin shi ne abin da zai ba keken guragu biyu damar wuce juna, ko mace mai goyo da yaro a hannu ta wuce mai baro ba tare da ɗayansu ya sauka titi ba. Inda ciniki ya yi yawa, mita biyu da rabi ya fi. A ɗaga ta sama da titi da kamar santimita 15, a karkatar da ita kaɗan zuwa wajen kwata, kimanin santimita biyu a kowace mita, don ruwa kada ya kwanta. Intalok, wato ƙananan bulon da ake jerawa a shimfiɗa a ƙasa, ya fi kankare zube dacewa, saboda ana iya cire shi a gyara bututu a mayar. Babban abin da yake ɓata irin wannan aiki shi ne kowane mai shago ya gina ƙofar shagonsa yadda ya ga dama, wannan ya ɗaga da bulo uku, wancan ya shimfiɗa tayil mai santsi, na gaba ya yi gangaren shigar da babur, har mai tafiya ya gaji da hawa da sauka ya koma titi. Dole tsayin ya zama ɗaya daga farkon layi zuwa ƙarshensa, kuma duk mai son matakala ya yi ta daga cikin shagonsa. A kowace mahaɗa a yi gangare mai sauƙi, tsawon santimita 12 ga kowace santimita ɗaya ta tsayi. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019 ta wajabta irin wannan tanadi a wuraren jama'a, kuma tsoho mai sanda da mai kurar ruwa duk za su ci moriyarsa.

Masu ƙananan sana'o'i su ne ran layi, kuma kuskure ne babba a ɗauke su a matsayin datti da za a share. Mai shayi da yake kunna wuta tun bayan Asuba da mai tsire da yake kaiwa tsakar dare suna sa ido a kan layin a lokutan da shaguna suke rufe, kuma wanda ya zo sayen lemo da kankana a tebur shi ne zai leƙa kemis da shagon atamfa. Abin da ake bukata shi ne a ba kowa gurbi sananne. A ja layi da fenti tsakanin hanyar ƙafa da titi, ko a wani lungu mai faɗi, a yanka gurabe na kamar mita biyu-biyu, a rubuta sunan kowa a littafin kwamiti, a fara da waɗanda suka daɗe a wurin. Masu wuta, wato masu tuya da gashi, a nisanta su da masu sayar da fetur a kwalba da shagunan katifa da gas. Mutanen Birnin Kebbi ba su manta da gobarar da ta cinye babbar kasuwar garin a 2016 ba, kuma darasinta ya shafi kowane layi: a bar tsakiyar hanya a buɗe, aƙalla mita huɗu, yadda motar kashe gobara za ta shiga ta kai ƙarshe, kuma kada a yarda rumfunan ɓangarorin biyu su haɗe a sama.

Game da abin hawa, maganar ba ta da tsawo. Faɗin mita uku ya ishi kowane hannu, domin titi mai faɗi gudu yake jawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa inda mutane da motoci suke cakuɗe, saboda yawancin waɗanda aka buge a wannan gudu suna rayuwa, sama da haka kuwa haɗarin mutuwa yana hauhawa da sauri. Tudun rage gudu nagari mai faɗi ne, kimanin mita uku da rabi zuwa huɗu, tsayinsa bai wuce santimita 10 ba, an shafa masa fenti, ba irin siririn tudun da matasa suke ginawa cikin fushi bayan an buge yaro ba, wanda yake kayar da masu babur da dare. A sanya shi gaban makaranta da masallaci, a haɗa shi da hanyar ƙafa ya zama wurin tsallakawa. 'Yan kabu-kabu da masu keke a zauna da shugabannin ƙungiyarsu a ba su tasha a bakin layi, kusa da mahaɗa amma ba a kanta ba. Manyan motocin kaya kuma a yanka musu lokaci, misali daga bayan Asuba zuwa ƙarfe bakwai.

Babu wanda zai yi yawon shaguna a ƙafa cikin ranar Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, idan babu inuwa. Rumfunan shaguna su zama masu tsayi ɗaya, sama da mita biyu da rabi, su haɗu da juna yadda mutum zai bi inuwa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. A dasa itatuwa a farkon damina, tazarar mita takwas zuwa goma, a kewaye kowanne da raga ko bulo saboda awaki, a damƙa shi ga mai shagon da yake kusa ya riƙa ba shi ruwa a ranin farko da na biyu. Dogon yaro yana jure fari kuma yana saurin girma, maɗaci yana da kyakkyawar inuwa ko da yake yana ɗaukar lokaci, amma a guji ceɗiya da durumi kusa da kwata, domin saiwarsu tana fasa kankare. Fitilun sola kuma a sa su ƙasa-ƙasa, kamar mita huɗu zuwa biyar, suna haska hanyar ƙafa, a ɗora batirin a sama inda hannu ba ya kaiwa.

Shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce a gwada tsarin kafin a gina shi. Da fenti da tsofaffin tayoyi da gangunan da aka cika da yashi, ana iya shata hanyar ƙafa da gurabe da tashar babura cikin yini guda na aikin gayya. A bar shi wata ɗaya, a sake ƙirgar da aka yi da farko, a tambayi masu shaguna yadda ciniki ya kasance. A nan ne za a gano cewa gurbin mai shayi ya toshe ƙofar wani gida, ko motar burodi ba ta iya juyawa, sai a matsar da taya maimakon a fasa siminti. Sakamakon gwajin, da hotuna da ƙirga, shi ne kuma hujjar da za a kai wa ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa idan ana neman a ɗauki nauyin kwata da titi, waɗanda suka fi ƙarfin karo-karon unguwa.

Kuɗin da jama'a suka tara a buɗe masa asusu a banki da sa hannun mutum uku, a riƙa liƙa lissafin shiga da fita a ƙofar masallaci kowane wata. A yi aikin kashi-kashi, a kammala mita 100 gaba ɗaya kafin a taɓa na gaba, kuma a tsara haƙa da zubin kankare tsakanin Nuwamba da Afrilu, a bar wa kowane shago katakon tsallakawa don kada ciniki ya tsaya. Bayan an gama, a sanya ɗan abin da kowane shago da tebur zai riƙa bayarwa a mako domin mai shara da sauya fitila, a kuma tsayar da ranar yasar kwata sau biyu a shekara, ɗaya a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, ɗaya a Oktoba bayan ya ɗauke.