Babi na 4: Sa wa bututun tururi riga

A tsofaffin gidajen Amurka, irin na New York, tukunya ce a ɗakin ƙarƙashin ƙasa take tafasa ruwa, tururi ya bi bututun ƙarfe ya ɗumama ɗakuna. Zafin tururin maki 100 ne. Idan bututu tsirara yake, ba rigar da ke riƙe zafi, tururi sai ya huce a hanya ya koma ruwa. Ɗakin sama ya kwana da sanyi, mai ya ƙone a banza, da asuba ka ji bututu na ƙara kamar ana dukansa da guduma.

Darasi na 1: Duba kafin ka taɓa

Kashe tukunya, ka bari bututu ya huce sarai. In ka ga tsohuwar riga fara, mai kama da kwali ko farar ƙasa, tsaya nan. Tana iya zama asbestos, ƙurarta na lalata huhu. Kada ka ɓare ta, kada ka share wurin. Kira masu lasisin cirewa. In bututu na yoyo, a fara gyara shi, domin jiƙaƙƙiyar riga ba ta riƙe zafi.

Darasi na 2: Awo

Nan ne mutane suka fi faɗuwa, don haka mu bi a sannu. Sunan bututu daban, faɗinsa na waje daban. Wanda ake kira mai inci 2, faɗinsa ya ɗara inci 2.

Ɗauki zare. Zagaya bututu da shi sau ɗaya, sau ɗaya tak. Inda zare ya haɗu, sa alama da biro. Miƙe zaren a kan tef ɗin awo. In ka ga inci 7 da rabi, bututunka mai inci 2 ne. In kusan inci 6 ne, mai inci 1 da rabi ne. In ya ɗan wuce inci 5, mai inci 1 da kwata ne.

Bai fito daidai ba? Ba komai, kowa da haka ya fara. Sake zagayawa, sake alama, sake miƙewa. Rubuta a takarda. Babban bututu da rassansa ba girmansu ɗaya ba, kowanne a auna shi da kansa. Zare, alama, tef, takarda.

Haba jama'a, ido ba mudu ba ne! Wasu har yanzu sai su kalli bututu su wuce kanti, su dawo da rigar da ta ƙi rufuwa. A koma a auna.

Darasi na 3: Sa riga

Sayi ta audugar gilashi, mai kaurin inci 1 aƙalla. Kowace riga tsawonta ƙafa 3 ne. Ta soso narkewa take yi. Sa safar hannu da takunkumi, audugar na sa ƙaiƙayi. Buɗe tsagar da ke jikin rigar, rufa wa bututu, ɓare takardar gam, manne. Matsa ta gaba ta haɗu da ta baya. Kada ka rufe ƙaramar mashaƙar iska da ke ƙarshen babban bututu.

Darasi na 4: Gwiwa

Gwiwa ita ce inda bututu ya lanƙwasa, akwai murfinta na musamman a kanti. Cusa auduga, ka rufe.