Yadda mai sikila zai bi diddigin daskarewar jini a Legas

Mai cutar sikila ya saba da ciwo, shi ya sa idan ƙafarsa ta kumbura sai mutanen gida su ce tashin ciwon nan ne da aka sani, a kawo ruwan ɗumi da man zafi. Sai dai ba kowane ciwo ne tashin sikila ba. Jinin mai sikila da ma yana saurin daskarewa, domin jajayen ƙwayoyinsa suna mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20, alhali na mai lafiya sukan kai 120, kuma idan suka lanƙwashe, wani maiƙo da ya kamata ya zauna ta cikin fatar ƙwayar yakan juyo waje. A jikin wasu, garkuwar jiki takan ƙera makamai a kan irin wannan maiƙo da furotin da ke manne da shi, makaman da likitoci ke kira antifosfolifid, su kuwa sai su ƙara wa jinin saurin yin guda. Likitan Ingila Graham Hughes ne ya bayyana wannan larura a shekarar 1983.

Abin lura na farko shi ne kumburi a ƙafa ɗaya, musamman a sha-raɓa, wurin ya yi zafi ya sheƙe, takalmi ya ƙi shiga alhali ɗaya ƙafar lafiyarta lau. Idan numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji ya riƙe, ko baki ya karkace, a nufi sashen gaggawa nan take, kada a jira gari ya waye. Matar da take yawan ɓari ita ma ta gaya wa likita.

Gwajin antifosfolifid kuwa a wajen likitan jini ake nemansa, kuma akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba da na jami'ar jiha da ke Ikeja. Iri uku na waɗannan makamai ake dubawa: lufus antikowagulan, da antikadiyolifin, da anti-bita-2 gilaikofurotin. A nan ne mutane da yawa suke gaggawa, a ganina, domin sakamako ɗaya ba ya yanke hukunci; zazzaɓi ko wata cuta mai wucewa na iya ɗaga waɗannan sinadarai na ɗan lokaci, saboda haka dole a maimaita bayan aƙalla mako 12. A ajiye takardar farko, a rubuta ranar komawa a bayanta. Wanda yake shan maganin tsinka jini ya faɗa tun kafin a ɗebi jinin, domin maganin yana rikita gwajin lufus.

Idan an tabbatar kuma jinin ya taɓa daskarewa, galibi maganin tsinka jini na wafarin ake bayarwa, ana auna INR, wato ma'aunin yadda jinin ya tsinke, a kai a kai don ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ba a hana miyar alayyahu ko zogale ba, amma kada a ci tuli yau a daina gobe, domin ganye yana rage ƙarfin maganin. Mai juna biyu kuwa allurar tsinka jini ta hefarin da ƙaramin asfirin akan ba ta, saboda wafarin yana cutar da ɗan tayi, kuma mai wannan larura ta guji ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin.

Wanda zai hau mota daga Agege zuwa Kano ya riƙe gorar ruwa, ya sauka ya taka ƙafa duk inda direba ya tsaya, maganinsa kuma ya kasance a aljihu, ba a cikin jakar da aka ɗaure a but ba.