Yadda ake gyara wa mutum rubutu a intanet ba tare da an ci masa fuska ba

Kafin ka tanka wa rubutun wani, fara tantance irin kuskuren da ke gabanka. Akwai na zamewar yatsa, inda harafi ya ɓace ko waya ta musanya kalma da kanta. Wannan ka wuce shi, wataƙila mai shi ma ya riga ka gani. Wanda gyaransa ke da amfani shi ne mai sauya ma'ana. Idan mutum ya rubuta "kasan gidan", mai karatu zai rasa gane ko tambaya ce, wato "ka san gidan?", ko kuwa ƙasan gidan ake nufi. "Bana" shekarar da muke ciki ce, "ba na" kuwa korewa ce. "Tayi" na ciniki ne, "ta yi" aiki ne da wata ta aikata. A hirar yau da kullum sauran jimlar kan warware ruɗanin, amma a sanarwa, ko bayanin yadda ake shan magani, ko takardar neman aiki, abin kan jawo asara.

Daga nan sai ka tabbatar kuskuren ne da gaske, domin a nan masu gyara suka fi jin kunya. Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne galibi a kan Kananci, kuma an sha zama a kan ƙa'idojin rubutunta, har da taron Bamako na 1966. Wannan bai mai da sauran kare-karen harshe kuskure ba. Basakkwacen da ya rubuta "shina zuwa" a maimakon "yana zuwa", da Bazazzagen da ya ce "rigan nan" a maimakon "rigar nan", harshensu suke yi. Sai in rubutun na makaranta ne ko na ofis za a ce su koma ga daidaitacciya. Haka nan a Nijar ana rubuta ƴ inda a Nijeriya ake rubuta 'y, duka biyun kuwa daidai ne a wurarensu. Rashin lanƙwasa a ɓ da ɗ da ƙ kuma sau da yawa laifin waya ne. Wanda ya rubuta "kafa" yana nufin "ƙafa", abin da zai amfane shi shi ne ka gaya masa ya ƙara Hausa cikin harsunan Gboard, wato manhajar allon rubutu ta waya.

Kai ma ka riƙe ƙa'idar da kyau, don ka iya faɗin dalili. Yawancin tuntuɓen a raba kalmomi da haɗe su yake. Ana raba wakilin suna da aikatau: ya ce, na ga, mun tafi. Ana haɗe yana, suna, yake, suka, muka. Mallaka na manne da suna, kamar gidansu da motarta, amma wanda aiki ya faɗa wa a ware yake: ya ba ni, na gan shi. Ana rubuta zan da zai a haɗe, za ka da za su a rabe. "Ne" da "ce" kullum zaman kansu suke yi: shi ne, ita ce.

Sai batun wuri. Tura masa saƙo shi kaɗai. Gyara a gaban jama'a tamkar tsayar da mutum ne a tsakiyar taro, ko da niyyarka mai kyau ce. Wurin da ya dace a yi shi a fili shi ne inda kuskuren zai ɓatar da wasu, kamar kwanan wata ko adadi ko sunan wuri.

Saƙon ya ƙunshi abu uku kawai: inda kuskuren yake, yadda ya kamata ya kasance, da dalili a jimla ɗaya. Misali: "Malam, na ƙaru da bayanin nan. A layi na uku an rubuta 'bana zuwa', ina jin 'ba na zuwa' ake nufi, kada wani ya ɗauka bana za a zo." Lura da "an rubuta" a maimakon "ka rubuta", yana ɗauke yatsa daga kan mutum ya mai da shi kan rubutun. In babba ne, yi masa "ku", ka kawo maganar a sigar tambaya. Ko da kurakuran sun kai goma, ɗauki ɗaya ko biyu mafi nauyi. Wanda aka zube wa goma a lokaci guda ba ya koyon ko ɗaya, haushi kawai yake ji.

Akwai lokutan da ake kame baki. Idan muhawara ta yi zafi, amsa wa mutum hujjarsa. Wanda ya bar magana ya kama harafi, masu karatu kan ɗauka hujja ce ta ƙare masa. Mai sanar da rasuwa ko neman taimako ma ba a bin rubutunsa da jan biro, haka mai koyon harshen da bai nemi gyara ba, muddin ana gane abin da yake nufi.

Kafin ka tura, karanta naka saƙon sau biyu, don ba abin da ya kai mai gyara ya yi tuntuɓe a cikin gyaransa ban dariya. Idan mutumin ya ƙi karɓa, kada ka maimaita. Idan kuma ya gyara, kuma a fili ka yi maganar, goge naka don kada ya ci gaba da nuna kuskuren da babu shi.